Rumbun Bayanai: Mai Gida Ɗaya ko Aikin Gayya?

A farkon watan Afrilun 2018, ana daf da rufe ƙofar karɓar sababbin ayyuka na PostgreSQL 11, aka shigar da umarnin MERGE cikin manhajar. Umarni ne da ke ba mutum damar ce wa rumbun bayanai a jumla ɗaya: in wannan layin yana nan ka gyara shi, in babu ka ƙara shi. Yana cikin ƙa'idar harshen SQL tun 2003, masu amfani kuma sun daɗe suna roƙonsa. Ba a cika mako biyu ba aka cire shi, domin wasu daga cikin manyan marubuta manhajar sun ce ginin bai zauna daidai ba, zai jawo wahala nan gaba. Bai dawo ba sai a PostgreSQL 15, cikin Oktoban 2022. A wannan fitowar ta 15 ma an sake irin haka: wani babban aiki kan sarrafa bayanan JSON ya shiga, aka cire shi kafin ranar fitarwa, ya dawo kashi-kashi a 16 da 17.

Masu sana'ar nan sun rabu biyu a kan irin wannan labari. Wasu na ganin shi ne dalilin da ya sa suke iya barci bayan sun damƙa wa PostgreSQL lissafin kuɗin jama'a. Wasu kuma na ganin alama ce ta gidan da ba shi da mai gida, inda mutum ɗaya mai faɗa a ji zai iya tsayar da aikin da dubbai ke jira har shekara huɗu. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan saɓani ita ce: wa ya kamata ya riƙe ragamar buɗaɗɗen rumbun bayanai, ya gina shi, ya gyara shi in ya lalace? Kamfani ɗaya mai kuɗi da shugaba, ko taron mutane daga wurare dabam-dabam da babu wanda ya mallaki ɗan'uwansa?

An yi sa'a tarihi ya gwada hanyoyin biyu a fili. Tun da Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo, a 1970, tsarin ajiye bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna, manyan rumbunan da aka gina a kansa na sayarwa ne, da tsada kuwa. A 1986 Michael Stonebraker ya fara aikin POSTGRES a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Da jami'ar ta ajiye aikin, ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka sa masa harshen SQL, sannan a 1996 masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam suka karɓe shi suka raɗa masa PostgreSQL. A ɗaya ɓangaren, Michael Widenius da David Axmark sun fitar da MySQL a 1995 ƙarƙashin kamfaninsu na Suwidin, MySQL AB. Kowa na iya ɗauka kyauta ya karanta rubutun tushensa, amma haƙƙin mallaka na kamfanin ne, yana kuma sayar da lasisi na dabam ga wanda ke son saka shi cikin hajar sayarwa.

Masu goyon bayan mai gida ɗaya suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Kamfani yana jin kukan mai saye da wuri, domin abincinsa ke nan. Tun wajen 2000 MySQL ya iya kwafar bayanai kai tsaye daga uwar-garke ɗaya zuwa wata, abin da kowane shafin intanet mai tasowa ke buƙata. Jagororin PostgreSQL sun daɗe suna cewa wannan aikin wasu ƙarin manhajoji ne na gefe, sai a 2008 suka sauya ra'ayi, aikin kuma bai iso hannun jama'a ba sai a 9.0, cikin 2010. Shekara goma ke nan, kuma a cikinsu ne Wikipedia da WordPress da Facebook da YouTube suka tashi a kan MySQL. Haka ma umarnin “ƙara ko gyara” na sauƙi: MySQL yana da shi tun 4.1, PostgreSQL bai samu nasa ba sai a 9.5, a farkon 2016.

Suna ƙarawa da cewa tsoron da aka ji wa Oracle bai tabbata yadda aka zata ba. Sun Microsystems ya sayi MySQL AB a 2008 kan kimanin dala biliyan ɗaya, Oracle kuma ya haɗiye Sun a Janairun 2010 bayan Hukumar Tarayyar Turai ta yi dogon bincike a kan makomar MySQL. Mutane da yawa sun ɗauka kashe shi za a yi, tunda kishiyar babbar hajar Oracle ce. Abin da ya faru shi ne, a zamanin Oracle aka gyara wasu tsofaffin aibobi da suka daɗe suna zubar wa MySQL mutunci. A 5.5 InnoDB ya zama injin ajiya na asali, ya maye gurbin MyISAM wanda ba ya iya haɗa ayyuka da yawa su zama mu'amala ɗaya, ko duka su tabbata ko duka su warware. A 5.7 aka sa tsauraran sharuɗɗa su zama ƙa'ida, rumbun ya daina gutsure rubutun da ya yi tsawo ya ajiye ragowar da gargaɗi kawai. A 8.0.16, cikin 2019, ya fara aiki da sharaɗin CHECK, wanda a da yake karantawa ya yi watsi da shi. Waɗannan ayyuka ne masu gajiyarwa da babu wanda ke samun suna da su, kuma albashi ne ya sa aka yi su.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a lura da jerin abubuwan da aka gyara ɗin: ai su ne kuɗin da aka biya na saurin farko. Rumbun da zai karɓi bayani marar kyau ya yi shiru ya saɓa wa dalilin samuwarsa, kuma an yi shekaru fiye da goma ana tafiya a haka saboda sauri da sauƙin girkawa su ne ke jawo kasuwa. Sauri ya haifi nawa.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu goyon bayan taro tana bayyana ne ranar da abu ya lalace, kuma babu misalin da ya kai na 2018. Ga yadda lamarin yake. Tun 7.1, a 2001, PostgreSQL ba ya taɓa ainihin fayilolin bayanai sai ya fara rubuta kowane sauyi a wani kundi na gefe ya tabbatar ya sauka kan faifai. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, da an kunna sai ya bi kundin ya maimaita abin da bai kammala ba. Lokaci-lokaci yakan zubar da duk sauye-sauyen da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa fayilolin, ya kira wani umarni mai suna fsync, wanda ma'anarsa ita ce ya tambayi babbar manhajar kwamfutar ko komai ya sauka. In ta ce e, sai ya yar da tsohon kundin. In ta ce an samu matsala, a wancan lokacin sai ya jira ya sake tambaya.

A Maris na 2018 wani injiniya, Craig Ringer, ya bayyana cewa ya bi diddigin lalacewar bayanan wani mai amfani har ya gano inda ramin yake. A Linux, in rubutu ya kasa sauka kan faifai, za a faɗa maka sau ɗaya, daga nan a ɗauki shafukan nan kamar an gama da su. Ka sake tambaya, sai a ce maka lafiya lau. PostgreSQL ya ji “lafiya lau” ya yar da kundinsa, bayanan kuwa ba su taɓa isa faifai ba. Kusan shekara ashirin ana tafiya a kan wannan zato. Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake girmama wannan hanya. An yi muhawarar a bainar jama'a, da masu PostgreSQL da masu Linux, har da zafin baki a kan wa ke da laifi. Aka gwada sauran manyan manhajojin kwamfuta aka ga kowace da irin halinta. Maganin da aka tsayar mai ɗaci ne: in fsync ya kasa ko sau ɗaya, rumbun ya kashe kansa nan take, ya tashi daga kundi. Gyaran ya fito a Fabrairun 2019 ga duk fitowar da ake kula da su. Da yake an yi komai a fili, masu InnoDB da masu injin ajiyar MongoDB su ma suka duba nasu suka yi irin wannan gyara.

A kwatanta da yadda ake yi a ɗaya gidan. Ana rubuta MySQL ne a cikin Oracle, jama'a su ga rubutun idan an fitar. Rahotannin kura-kurai da yawa a rufe suke, musamman na tsaro, waɗanda ake sanarwa a dunƙule duk wata uku ba tare da cikakken bayani ba. A 2012 masu MariaDB, reshen da Widenius ya ɓalle da shi a 2009, suka lura cewa wasu gyare-gyare sun fara fitowa babu gwaje-gwajen da a da ake haɗo su da su, waɗanda su ne ke nuna wa na waje ainihin abin da aka gyara. Wanda ke son a karɓi facinsa kuma sai ya sa hannu a yarjejeniyar da ke ba kamfanin haƙƙi a kan abin da ya rubuta. Ba abin mamaki ba ne da Wikipedia ta koma MariaDB a 2013, Red Hat da Debian ma suka bi baya.

Kada a ɗauka ina cewa ɗaya yana kuskure ɗaya ba ya yi. A 2022 kaɗai, an janye MySQL 8.0.29 daga inda ake saukewa saboda wani aibu da kan sa a karanta bayanan jadawalin da aka ƙara wa ginshiƙi ba daidai ba. A watan Yunin shekarar kuma PostgreSQL ya fitar da 14.4 da gaggawa, ba a kan lokacinsa ba, domin gina fihirisa ana cikin aiki yana iya barin wasu layuka a waje babu wata sanarwa. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja mai irin wannan zurfi ya san ba a rabuwa da kuskure. Abin da ke bambanta su shi ne abin da mai rumbu zai iya gani da idonsa. A PostgreSQL zai iya karanta ranar da kuskuren ya shiga, da dalilin da aka bayar a lokacin, da wanda ya gano, da gardamar da aka yi kafin gyara. Akwai kuma kwamfutocin sa kai iri-iri, tun wajen 2004, da ke harhaɗa manhajar su gwada ta duk lokacin da aka shigar da sauyi, sakamakon kuma a buɗe yake ga kowa. Marubucin da ya ɓata wani abu yakan ga ja a gaban sunan aikinsa cikin sa'o'i kaɗan, duniya na kallo.

Irin tarbiyyar da wannan ke yi wa mutane ta taɓa amfanar da kowa, har waɗanda ba ruwansu da rumbun bayanai. A ƙarshen Maris 2024 Andres Freund, ɗaya daga cikin marubuta PostgreSQL, yana awon saurin manhajar sai ya ga shiga kwamfutarsa daga nesa ta SSH yana cin ƙarfi fiye da kima, yana kuma ƙara kimanin rabin daƙiƙa. Bai kau da kai ba. Ya bi sawu har ya tono ƙofar ɓoye da aka dasa da gangan cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, kafin ta bazu.

To, yanzu ga inda nake ganin masu goyon bayan taro suke yawan kau da kai. A aikin gayya kowa yakan nufi inda ƙasa ta yi laushi, gefen da ke da tsakuwa da saiwa ya kwana ba a taɓa ba. PostgreSQL yana da irin wannan gefe, kuma sananne ne. Idan aka gyara layi, ba ya goge tsohon, sabon kwafi yake rubutawa ya bar tsohon a wurin domin masu karatu da suka riga suka fara. Wannan tsari, da ya shigo a 6.5 cikin 1999, shi ke sa mai karatu ba ya tare mai rubutu. Kowane kwafi yana ɗauke da lambar mu'amalar da ta haife shi, lambar kuma gurbinta ƙarami ne, ba ta wuce biliyan huɗu da 'yan kai, rabinsu kawai ake iya ɗauka a matsayin abin da ya wuce. Saboda haka dole wani mai shara da ake kira VACUUM ya riƙa zagayawa yana kwashe matattun layuka, yana kuma yi wa tsofaffi alamar cewa sun tabbata har abada. In ya makara har aka kusa cinye lamba biliyan biyu, rumbun zai daina karɓar rubutu gaba ɗaya don kada tsofaffin bayanai su ɓace. Kamfanin Sentry ya faɗa wannan rami a 2015, Mandrill na Mailchimp ya faɗa a Fabrairun 2019, dukansu kuma sun bayyana abin da ya same su. A 2016 Uber ya sanar da barinsa PostgreSQL zuwa MySQL, babban kukansa shi ne gyara ƙanƙani a layi ɗaya yana jawo sake rubutu a fihirisa da yawa, duk wannan nauyin kuma sai an tura shi ga kowane kwafin rumbun. InnoDB yana gyara layi a inda yake ne, ya ajiye tsohon a gefe, lambar mu'amalarsa kuma tana da faɗin da ba a fargabar ƙarewarta.

An san maganin. A faɗaɗa lambar. Kamfanin Postgres Professional na Rasha ya yi haka a nasa na sayarwa, an kuma kawo facin ga taro shekara da shekaru bai shiga ba. Dalilin da ake bayarwa yana da tushe: sauyin ya taɓa yadda aka shimfiɗa kowane shafi a kan faifai, akwai kuma ɗimbin rumbuna a duniya da dole su haye zuwa sabuwar fitowa ba tare da an sake rubuta su daga farko ba. Kamfanin EnterpriseDB (EDB) ya fara wani sabon injin ajiya mai suna zheap don magance tarin matattun layuka, aikin ya tsaya a hanya. A Yunin 2023 Heikki Linnakangas, shi ma marubucin PostgreSQL, ya kawo shawarar a bar tsohon tsarin da ke buɗe wa kowane mai shigowa aiki mai zaman kansa, tsarin da ke sa dubban haɗi su yi wa uwar-garke nauyi har sai an sa wata manhajar rage haɗi, PgBouncer, a gaba. An yarda da shi a baki fiye da a aikace, tafiyar kuma a hankali ake yinta. A nan kam mai gida ɗaya zai iya cewa: ku ashirin, ku bar komai, shekara uku, wannan kaɗai za ku yi. Taro ba shi da wanda zai faɗi wannan magana a bi.

Akwai wani abu kuma da ke rage kaifin rabon nan gida biyu. Yawancin waɗanda ke da ikon shigar da sauyi a PostgreSQL ma'aikata ne masu albashi a EDB, Microsoft, Amazon da makamantansu. Kuɗin kamfani ne ke tafiyar da gayyar. Abin da aka tsare shi ne kada kamfani ɗaya ya rinjaya. A 2020, da EDB ya sayi 2ndQuadrant, sai aka wayi gari uku daga cikin jagorori biyar ma'aikatansa ne, nan da nan aka ƙara mutum biyu daga waje. Tun a 2001 ma an ga amfanin wannan: kamfanin Great Bridge, wanda ya ɗauki biyu daga cikin jagororin PostgreSQL, Tom Lane da Bruce Momjian, aiki, ya rushe, mutanen suka nemi wani wurin, manhajar ta ci gaba da fitowa. Babu wanda zai iya sayen PostgreSQL domin babu wanda zai sayar, babu kuma wanda zai tashi wata rana ya sauya lasisi kamar yadda masu rumbun CockroachDB suka yi a 2019. Rumbun SQLite na Richard Hipp yana nuna cewa akwai hanya ta uku, 'yan mutane ƙalilan da ba sa karɓar faci daga waje amma suna gwaji mai tsananin gaske, sai dai wannan ya dogara ne ga halin mutanen, ba abu ne da za a kwaikwaya da sauƙi ba.

Maganar nan ta shafe mu fiye da yadda ake zato. DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda ma'aikatun lafiya na Najeriya da Nijar da Ghana ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, a kan PostgreSQL take zaune. OpenMRS, da ake ajiye bayanan marasa lafiya da ita a ƙasashen Afirka da dama, a kan MySQL aka gina ta. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, faifai ke tsufa ba a sauya ba, ga ƙwararren mai kula da rumbu yana wuyar samu, kundin gefe da amsar fsync su ne ke tsakanin asibiti da asarar bayanan shekara guda. Mai goyon bayan kamfani zai ce irin wannan wuri ne ya fi buƙatar lambar wayar da za a kira. Amsata ita ce kwangilar tallafin da dala ake biyanta, ƙananan wurare kaɗan ne za su iya. Abin da matashin injiniya a Kano ko Zinder ke da shi a hannu shi ne abin da aka bari a buɗe: rubutun tushe, da bayanin kuskure, da dalilin gyara.

Saboda haka ni na karkata ga taro, da sanin abin da hakan ke ci. Na yarda a jira MERGE shekara huɗu, domin wanda bai samu sabon umarni ba yana da wata hanyar, wanda bayanansa suka lalace kuwa ba shi da ita. Alƙaluman Stack Overflow na 2023, inda PostgreSQL ya wuce MySQL a yawan masu amfani cikin waɗanda aka tambaya, sun nuna mutane da yawa sun yi irin wannan lissafi. Amma ban yarda a shigar da batun lambar mu'amala cikin wannan uzuri ba. Jinkirin MERGE taka-tsantsan ne da ke kare mai amfani. Jinkirin faɗaɗa lambar yana barin nauyi a kan mai amfani, kuma ya fi danne wanda ba shi da ƙwararren da zai riƙa duba ko mai shara ya makara. Kamfanonin da ke samun kuɗi mai yawa daga hayar PostgreSQL a manyan cibiyoyinsu suna da injiniyoyin da za su iya wannan aiki, kuma PostgreSQL 18 da ya fito a Satumban 2025 da sabon tsarin karatu daga faifai, bayan shekaru ana gininsa, ya nuna taron yana iya kammala aiki mai zurfi idan aka biya mutane suka zauna a kansa. Lambar mu'amala ce ta cancanci ta zama ta gaba.